Madarar Amarya a Gonar Inabi

Aikina ɗaukar hoton ƙashi ne. Na yi shekara tara ina yin sa a Zariya, sannan na samu kwantiragi a wani ƙaramin asibiti a kudancin Jidda, wajen Kurayyat. Mutum zai shigo, in tsayar da shi, in ce ya ja numfashi ya riƙe, in koma bayan bango in danna. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa cewa in sake ɗauka don bai yi kyau ba.

Ina da kyamara kuma, ta fim, wadda mahaifina ya yi sana'a da ita a Sabon Gari har idonsa ya gaji. Da ya rasu na ɗauke ta, ba wanda ya yi mini gardama. Ranar Juma'a da safe nakan rataya ta in shiga tsohuwar Jidda in ɗauki tagogin katako da kuliyoyi. Su ma ba sa ƙorafi.

A teburin karɓar marasa lafiya na asibitinmu akwai wata budurwa, haifaffiyar unguwar Nuzla a nan Jidda. Danginta Hausawan Sudan ne. Kakannin kakanninta sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya ɗauki shekara tamanin. Hausarta tana tafiya ne da sanda: in ta yi taku uku sai ta dogara da Larabci. Yaya take ce mini.

Wata ranar Lahadi sai ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa.

“Yaya, ke za ki ɗauki hoton bikina. Halas, na riga na gaya wa Umma.”

Na ce mata ni cikin mutane nake ɗauka, ba wajensu ba.

“La la, da kyamarar Babanki. Habboba ce ta ce babu jawwal ko ɗaya. Mamnu'.”

Habboba ita ce kakarta, haka suke kiran kaka a can; jawwal kuma wayar hannu, mamnu' an hana. Abin da ya faru shi ne, a bikin wata jikarta da aka yi bara, tsohuwar ta ji kiɗa ya yi daɗi ta tashi ta taka, ɗankwali ya zame. Kafin motarsu ta iso Nuzla an riga an kalli rawar a Bur Sudan, har wani ƙaninta ya bugo yana tambayar lafiyar ƙugunta. Tun ranar ta yi rantsuwa: duk bikin da za a ɗaga waya a cikinsa, ba da ita ba. Su kuma ba sa iya biki ba da ita ba.

Aka kai ni gaisuwa. Gidan yana hawa na uku, matakalar ta fi ƙarfin mutum biyu a jere. Na durƙusa na gaishe ta, aka zubo mini gahawa mai citta. Ta karɓi kyamarar ta juya ta gaba da baya, ta ƙwanƙwasa ta da farce.

“Ina wajen da ake leƙa hoton?”

“Babu, Habboba.”

“Yana shiga waya?”

“Ba ya shiga.”

“Wa zai wanke?”

“Ni, a banɗakina.”

“Namiji fa?”

“Babu namiji a banɗakina.”

Ta miƙo mini kyamarar. “Allah ya kawo,” in ji ta. “Amma hoto kam ke za ki ɗauka.”

A nan na yi bayanin da nake so a rubuta cewa na yi shi. Na ce fim mai kala ba na iya wanke shi a gida, sai an kai shago, shagon kuma maza ne a ciki. Saboda haka baƙi-da-fari zan ɗauka. Sau uku na faɗa. Uwar amarya, wadda kowa ke kira Umma, tana kan waya da tela a lokacin, tana gardama a kan wane irin kore ne kore. Ta ɗago mini hannu ta ce, “Ɗayyib, ɗayyib, 'yata, Allah ya yi albarka.”

Fim na same shi a wani lungu bayan kasuwar Bab Makka, wajen wani tsohon Balaraben Hadaramaut mai sayar da batirin agogo. A firji yake ajiye shi, kusa da maganin sukarinsa. Guda uku suka rage, kowanne hoto talatin da shida. Da ya ji na biki ne, ya shiga ciki ya jawo wani injin fitar da hoto a takarda, duk ƙura, ya ce in ara, in na gama ma kada in yi saurin dawo da shi, wurin ya fi kyau ba shi.

Ba a zauren biki aka yi ba. Kawun amarya ya shekara talatin yana kula da wata gonar inabi a kan tudun Ɗa'ifa, kafilinsa kuma, wato mai gonar da yake aiki a ƙarƙashinsa, dattijo ne mai son jama'a, ya ce a zo a yi wuni guda. Ranar Asabar da hantsi motoci biyu manya suka tashi daga Nuzla, ɗaya maza ɗaya mata. Muka kama hanyar dutse mai lanƙwasa, birai suna zaune a kan shingen titi suna kallonmu kamar masu jiran a tambaye su iƙama, takardar izinin zama. Muna hawa iska tana sanyi. Matan Jidda, waɗanda ba su san sanyi ba sai na na'ura, suka fara salati suna neman rigunan ɗumi.

A ƙofar gonar Habboba ta sa aka kawo babbar tukunyar shinkafa. Kowace mace ta jefa wayarta a ciki. Wata ta ce ba ta zo da waya ba, Habboba ta ci gaba da kallonta har ta tuna ta zo da biyu. Aka rufe tukunya, aka ajiye gaban kujerar tsohuwar, ta ɗora ƙafafu a kai. Wuni guda tukunyar tana ƙara tana kaɗawa, ita kuwa ta ce yana yi wa ƙafarta daɗi.

Kawu ya zagaya da ni kafin a fara. Doguwar rumfa ce ta ƙarfe, inabi ya lulluɓe ta, nonnansa suna reto har suna taɓa kan mutum, wasu baƙi wasu kore. A gefe akwai ɗaki mai manyan randunan roba inda suke matse ruwan inabi, abin da ya rage su yi khal, wato ruwan tsami na miya da salak. Ƙamshin wurin yana hawa kai.

“A wasu ƙasashen, na ji wani abu daban suke yi da shi,” in ji Kawu. “Mu a nan daga zaƙi sai tsami. Ba ya tsayawa a hanya.”

Ya faɗi haka yana kallon randa, kamar yana gargaɗinta.

An ja tamfol an raba gonar biyu. Da aka tabbata babu namiji a ɓangarenmu, sai abayoyi suka fara sauka. Ban taɓa ganin launi da yawa haka a wuri ɗaya ba. Dangin amarya sun yi anko na wannan koren da aka sha gardama a kansa, mai ratsin zinariya. Dangin ango ruwan goro. Tsofaffi sun naɗa lafaya irin ta Sudan, ja da rawaya da shuɗi, hannaye da ƙafafu sun sha lalle baƙi ƙirin. Rana tana ratsowa ta tsakanin ganye tana ɗiga a kansu tabo-tabo. Na duba kyamarata mai baƙi-da-fari, na duba Umma, na ce a raina ai na faɗa.

Na jera rukunin farko ƙarƙashin rumfa, mata goma sha biyu. Na sa ido a kyamara, na daidaita, sai bakina ya yi abin da ya saba.

“A ja numfashi. A riƙe.”

Suka ja, suka riƙe. Na danna. Hotuna shida na farko duk haka suka fito: mata masu ado, ƙirji a gaba, ido a waje, kamar an kira su fareti. A na bakwai wata tsohuwa ta kasa riƙewa ta saki da ƙara, duka layin ya rushe da dariya, na danna a daidai nan. Daga shi na daina ba da umarni.

Matsala ta biyu ita ce leƙe. Duk wadda na ɗauka sai ta rugo ta kama hannuna ta juya kyamarar ta ga yadda ta fito. Abin da ke bayan kyamarar ɗan guntun kwali ne da na yago daga fakitin fim. Sukan daɗe suna kallonsa.

Gwaggon ango, mace doguwa mai murya, wadda ta reni angon tun yana goye, ta ce ta ƙifta ido, in goge in sake.

“Ba ya goguwa, Gwaggo.”

“Kamar yaya ba ya goguwa?”

“In ya shiga ya shiga.”

“Ashe abin zarar bunu ne,” in ji ta. Ta gyara tsayuwa, ta buɗe ido sosai, ba ta sake ƙiftawa a gabana ba har yamma. Sau uku ta sauya kaya, sau uku ta zo ta tsaya a gabana.

Aka ci abinci bayan azahar, shinkafa da rago, da asida, tuwonsu na Sudan, da tuwon da wata 'yar Maraɗi ta tuƙa don kada a ce ba a yi ba. Na sa abaya na leƙa ɓangaren maza na ɗauki kaɗan. Kafilin Kawu, tsoho mai farin gemu, yana tsakiyar fili yana juya sanda a sama, Kawu yana biye da shi a baya da hannu a buɗe ko da zai faɗi. Bai faɗi ba. Ango yana zaune an naɗa masa rawani, yana murmushi irin na wanda aka gaya wa kada ya motsa.

Da na dawo fim na uku ne a ciki, kuma ya yi nisa. Na fara rowa. Mace ta zo in ce mata haske bai yi ba. Wata ta zo in ce sai anjima. Na gane cewa in kana da abu ƙidayayye, kowa sai ya zama mai kyau a idonka a daidai lokacin da ba ka da halin ɗauka.

Bayan la'asar aka fito da gado na igiya, aka shimfiɗa jan ƙyalle, aka ajiye shi ƙarƙashin inabi. Turaren wuta ya tashi. Mata suka ja mayafi sama-sama, aka shigo da ango, an ɗaura masa jan zare a goshi da wani ɗan zinare mai siffar jinjirin wata. Sai ga amarya cikin jar lafaya, zinariya tun daga kai har wuya. Yarinyar da na saba gani tana faɗa da na'urar buga takarda, ban gane ta ba sai da ta harare ni ta ce, “Yaya, yalla, ɗauki mana.”

Umma ta matso kusa da ni ta yi mini bayani, don ni ce baƙuwa. Jirtig ake ce wa wannan zama, al'adar Sudan ce da suka taho da ita. A ƙarshe za a kawo madara a ƙwarya, ango ya kurɓa, amarya ta kurɓa, kowa ya fesa wa ɗan'uwansa. Wanda ya riga, shi ne mai gida.

“Wasa ne kawai,” in ji Umma. Sannan ta ƙara da cewa, “Wata uku muna koya mata.”

Na duba lambar da ke kan kyamara. Talatin da biyar. Saura ɗaya, in Allah ya so biyu. Rana ta kusa faɗawa bayan dutse. Na jawo akwatin inabi na hau, na buɗe idon kyamarar iyakarsa, na jingina gwiwar hannuna da ƙarfen rumfa. A wannan karon ni ce na ja numfashi.

Aka miƙa ƙwarya. Ya kurɓa, ta kurɓa. Ganga ta tsaya. Na ga kafaɗarta ta motsa, na danna.

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Na ja hannun kyamara don in ƙara, ya ƙi tafiya. Fim ya ƙare. Da na sauke ta daga idona, dukansu biyun sun jiƙe da madara suna dariya, amarya tana share masa gemu da bakin lafayarta. Masu kore suna ihu ita ta riga. Masu ruwan goro suna ihu shi ya riga. Gwaggo ta ce da idonta ta gani, kuma kowa shaida ne ba ta ƙifta ba.

Sai duka suka juyo gare ni a kan akwati.

“Nuna mana.”

“Sai nan da sati biyu,” na ce.

Habboba ta gyara ƙafa a kan tukunya. “An ɗage shari'a,” in ji ta. “A ba mu kiɗa.”

Tunda ba ni da sauran aiki, na ajiye kyamarar a cinyar Habboba. Wata ta cusa mini nonon inabi a hannu, wata ta ja ni tsakiya. Tsofaffin suka ɗauko wata waƙa ta Hausa, tsohuwar Hausa, irin wadda ban ji ba tun kakata tana daka a Tudun Wada. Kalmomin sun ɗan karkace a hanya, amma ita ce. Su ba su taɓa ganin garin da waƙar ke ambata ba, ni kuwa na san har kasuwarsa. Shekara bakwai ina Jidda ban taka rawa ba. Na taka, na yi kuka kaɗan, na ci inabin. Babu hoton wannan.

Kafin magariba aka buɗe tukunya aka raba wayoyi. Kawu ya ba kowa kwali na inabi, ni ya ƙara mini da galan na khal.

Sati biyun nan ban huta ba. Amarya tana hutun aure amma kullum sai ta aiko saƙo: “Yaya, esh al-akhbar? Ina labari?” Ranar Laraba sai ga Gwaggo a asibiti da takardar likita, wai gwiwa. Na kwantar da ita na ɗauka. Tana kwance tana kallon silin ta ce, “Wancan ɗin fa, ya fito?” Na ce bai fito ba. Gwiwarta lafiya ƙalau, ta fi tawa.

Ranar Juma'a da safe na liƙe tagar banɗaki da baƙar leda, na toshe ƙasan ƙofa da tawul. Wanke fim ba baƙon abu ba ne a wurina, a Zariya da hannu muke wanke na ƙashi kafin na'ura ta zo. Abin da ban lissafa ba shi ne ruwan famfon Jidda, wanda ke fitowa kamar an dafa shi. Sai da na juye ƙanƙarar firjina duka kafin ya yi sanyin da ake so. Ruwan da ake tsayar da wanki da shi kuma babu a kasuwa, sai na tsarma khal ɗin Kawu da ruwa na yi amfani da shi. Ya yi aiki. Kwana huɗu gidana yana warin salak.

Na shanya fina-finan a igiyar wanki, na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Tara sun lalace, yawanci laifina. Na ƙarshen yana can bakin fim, gefensa ɗaya ya ɗan ƙone, amma yana nan. Juma'a biyu na yi ina fitar da su a takarda da injin tsohon nan, ina kallon fuskoki suna tasowa a cikin ruwa a hankali. Shi na bari ƙarshe. Da ya taso na zauna a bakin baho na daɗe ina kallo.

Amarya ta runtse ido, madara ta fita daga bakinta ta bazu a iska, rana ta kama kowane ɗigo. Ango kumatunsa cike tam, ido a buɗe, yana kallonta. A bayansu Habboba ce, baki a wangame, ƙafa a kan tukunya, kuma ɗankwalinta ya sake zamewa.

Ranar Asabar na hau matakalar Nuzla da ambulan uku. Ɗakin ya cika, masu kore a dama, masu ruwan goro a hagu, ko da yake ranar kowa kayan gida ya sa. Ango yana tsaye a bakin ƙofa. Umma ta buɗe ambulan na farko, ta zaro hoto, ta duba. Ta zaro na biyu. Ta juya bayansa.

“'Yata, ina kalar?”

“Umma, na gaya miki. Sau uku.”

“Na ji,” in ji ta. “Na ɗauka tawali'u kike yi.”

Ta zauna da hoton anko a hannu. Kore da ruwan goro duk sun zama toka iri ɗaya, ba ka bambance dangin ango da na amarya. Ta ce wata biyu ta yi tana yawo a Bab Makka kafin ta samu wannan koren. Can sai ta kai ga hoton layin da ya rushe da dariya, ta kai hannu baki, ta miƙa wa ta kusa da ita, daga nan hotuna suka fara yawo hannu zuwa hannu, kowa tana neman kanta tana samun wata.

Habboba ta buga sanda a ƙasa. “Shari'a.”

Na miƙa mata. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta miƙa wa Gwaggo. Gwaggo ta duba kumatun ɗanta. Ta daɗe.

“Hoton da ba shi da kala ba ya shaida,” in ji ta.

Ba wanda ya goyi bayanta, har a hagu. Sai ta sauya hanya: ɗanta haƙuri ya yi, tarbiyya ce, ya bar wa mace. Aka juya ga ango aka ce ya faɗi gaskiya. Ya sosa ƙeya.

“Wallahi, Gwaggo, ba bari na yi ba. Kallonta nake yi, na manta da madara a bakina.”

Ɗakin ya ɗauki guɗa. Amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

“Wannan ai ya fi muni,” in ji Gwaggo. Amma da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce in fitar mata da nata kwafin, babba.

Habboba ta ce a'a, babu kwafi. Ta karɓi fina-finan duka, ta ɗaga ɗaya a haske, ta ga fuskoki baƙi sun zama fari, haƙora sun zama baƙi, ta yi a'uziyya. Ta naɗe su a ƙyalle ta sa a akwatin ƙarfenta tare da takardun iƙama, ta kulle. Game da ɗankwalin da ya zame kuwa, ta ce wannan na cikin gida ne, kuma ta fito da kyau.

Bayan wata guda na koma gaishe su. Na tarar da Umma zaune a tabarma da biro, hotunan a baje. Tana bin su ɗaya ɗaya tana rubutu a baya da haruffan Larabci: ta farko daga dama, kore mai zinariya, ta biyu, ja, inabin da ke sama, baƙi ne. Inda ta manta sai ta buga waya ta tambaya. Ta kai hoto na sittin da wani abu.

Ta ɗago ta dube ni. “Ke ba ki cikin ko ɗaya.”

“Ni ke riƙe da kyamarar, Umma.”

Ta jawo kundin da za a jera hotunan, ta buɗe bangon ciki, ta rubuta: mai hoto, shuɗi. Rigata ruwan toka ce ranar. Na ce mata haka ne, shuɗi, na karɓi gahawata.